Abin da ya kamata ku sani game da harshen Tamil, rubutunsa da ma'anar kalmominsa

Idan aka rubuta sunan garin Pagala da baƙaƙen Tamil, haruffa uku ne kacal: பகலா. Mutumin Chennai ta kudancin Indiya da aka nuna wa rubutun ba zai kawo a ransa cewa sunan wani gari ne a tsakiyar Togo ba, kan tsohon layin dogon da ya taso daga Lome ya tuƙe a Blitta. Zai ɗauka tambayarsa ake yi. A harshensu pagal ita ce rana, kishiyar dare, kuma in aka liƙa wa kalma aa a ƙarshe sai ta zama tambaya. Pagalaa? Wato, rana ce? Da za a ja wasalin farko a ce paagal, an bar zancen rana ke nan, an koma kan wani tsiro mai yaɗo da 'ya'ya masu ɗaci, ɗan'uwan garahuninmu, wanda suke dafawa su ci da shinkafa. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya na da kuwa zai ce ai paagal mahaukaci ne. Shi ma bai yi ƙarya ba, sai dai wannan a harshen Hindi ne, wanda babu dangantakar jini tsakaninsa da Tamil.

Sunan Pagala bai haɗa komai da Tamil ba, dacewar sauti ce kawai. Na fara da shi ne don a ga inda gizo ke saƙa ga mai son koyon wannan harshe. Jan wasali ɗaya ya isa ya sauya ma'ana, kuma abin da muke kira Indiyanci ba harshe ɗaya ba ne.

Mun daɗe muna cuɗanya da Tamil ba mu sani ba. Finafinan da ake fassarawa a Kano, irin na Algaita, waɗanda ke yawo a wayoyin matasan zango, da yawansu ba daga Bombay suka fito ba. Daga kudancin Indiya suke, wasu na Telugu, wasu na Tamil. Rajinikanth da Vijay da Suriya da Ajith duk jaruman masana'antar fim ta Chennai ne. Babura da keken A Daidaita Sahu masu tambarin TVS, da dubban magidanta ke neman abinci da su, na wani kamfani ne mai hedkwata a Chennai, wanda aka kafa tushensa a Madurai a 1911 da harkar motocin haya, babbar masana'antarsa kuma tana Hosur, duk a jihar Tamil Nadu. Sai masu zuwa neman magani. Chennai na cikin biranen Indiya da marasa lafiyarmu ke nufa, can ma aka buɗe asibitin Apollo na farko a 1983. Likita zai yi maka Turanci. Amma mai tura keken marasa lafiya, da mai shagon da mai jinya zai sayi ruwa, da direban da zai mai da shi masauki, Tamil suke yi, kuma da yawansu ba sa jin Hindi.

Ba sa ji, kuma ba sa son a tilasta musu. Tamil na cikin dangin harsunan da ake kira Dirabidiya, tare da Telugu da Kannada da Malayalam, dangin da wani malamin mishan, Robert Caldwell, ya fayyace a littafinsa na nahawu a 1856. Hindi kuwa a asalinsa ya fi kusa da Farisanci, har ma da Faransancin da ake koyarwa a makarantun Sokode, fiye da yadda yake kusa da Tamil. A 1965, da gwamnatin Delhi ta so mai da Hindi shi kaɗai harshen hukuma, matasan jihar Madras sun yi bore, an rasa rayuka, dole gwamnati ta bar Turanci ya ci gaba da aiki tare da Hindi. A 1969 aka sauya wa jihar suna ta koma Tamil Nadu, wato ƙasar Tamil, kamar yadda muke cewa ƙasar Hausa, a 1996 kuma birnin Madras ya koma Chennai. Don haka baƙon da ya ce vanakkam, gaisuwar Tamil, maimakon gaisuwar da ya ji a fim ɗin Hindi, tun daga nan ya sami shiga.

Ƙidayar Indiya ta 2011 ta sami mutum kusan miliyan 69 da Tamil ne harshen uwarsu. Harshen hukuma ne a Siri Lanka da Singafo, akwai ɗaruruwan makarantun firamare na Tamil a Malesiya, yana jikin takardun kuɗin Morishus, kuma tun 1860 aka fara kai ma'aikatan rake daga Madras zuwa Durban a Afirka ta Kudu. Tsufansa ma ba wasa ba ne. Akwai rubuce-rubucensa a jikin kogunan duwatsu kusa da Madurai da suka haura shekara 2,000, an kuma tono fasassun tukwane masu ɗauke da tsohon rubutun Tamil a Berenike da Quseir, a gaɓar Bahar Maliya ta Masar, shaidar cewa fatakensu sun taka ƙasar Afirka tun zamanin Rumawa. A 2004 Indiya ta ayyana shi harshen farko a jerin harsunanta masu tsohon adabi.

Rai da gangar jiki

Duk wanda ya buɗe littafin koyon Tamil, abin da zai fara tsorata shi shi ne a ce masa haruffa 247 ne. Kada wannan adadi ya karya wa kowa gwiwa, lissafi ne kawai. Wasula 12 ne, baƙaƙe 18. In ka aurar da kowane baƙi da kowane wasali ka sami 216. Haɗa duka, ka ƙara wani harafi guda mai ɗigo uku kamar duwatsun murhu, ஃ, wanda ba a cika amfani da shi ba, shi ne 247. Abin haddacewa na gaskiya bai wuce siffofi 30 da alamomin wasali ba, sai wasu 'yan baƙaƙe da aka aro don rubuta ja da sha da sa da ha a kalmomin baƙi.

Sunayen da malamansu na da suka ba waɗannan rukunai sun burge ni. Wasali suna ce masa uyir, rai. Baƙi suna ce masa mei, gangar jiki. Haɗuwar biyun kuma uyirmei, jiki mai rai. Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san wannan tsari ko ba a faɗa masa ba, domin mu ma babbaƙu muke fara yi, sannan farfaru, kuma mun san baƙi ba ya motsi sai da wasali.

Bambancin shi ne a Tamil kowane baƙi yana tafe da wasalin a a cikinsa. Wannan harafi க ba k ba ne, ka ne. In kana son ka kashe wasalin sai ka ɗora masa ɗigo a ka, க், ya zama k tsura. Ɗigon nan sunansa pulli, aikinsa kuma aikin ɗauri ne sak a rubutun allo. Babu shadda. In baƙi ya ninku sai a rubuta shi sau biyu, na farko da ɗigo: அம்மா, a-m-maa, wato uwa, அப்பா, a-p-paa, wato uba. Daga hagu ake farawa zuwa dama, kuma babu babban baƙi da ƙarami.

Inda mai koyo ke tuntuɓe shi ne mazaunin alamar wasali. Wata tana zuwa bayan baƙi, கா kaa. Wata tana hawa kansa, கி ki, கீ kii. Wata kuwa gabansa take zuwa a rubuce alhali bayansa ake furta ta: கெ ke, கே kee, கை kai. Wata ma kewaye shi take yi ta gaba da ta baya, கொ ko, கோ koo. Ido yakan ɗauki kwanaki kafin ya saba tsallake alamar farko ya karanta baƙin sannan ya dawo. Wasalin u da uu su ne masu gardama, don narkewa suke yi cikin jikin baƙin su sauya masa kama: கு ku, து tu, மு mu, ரு ru. Waɗannan ba su da wata dabara sai maimaici, kamar wankin allo.

Lanƙwashe-lanƙwashen haruffan ana danganta su da abin da aka yi ƙarnuka ana rubutu a kai, wato ganyen wata bishiya da suke kira panai, 'yar'uwar giginyarmu ce ta jini. Da tsinken ƙarfe ake karce busasshen ganyen, sannan a shafa baƙi ya shiga cikin zanen. Miƙaƙƙen layi yana iya tsaga ganye, zagaye kuwa ba ya tsagawa. A irin waɗannan ganyaye ne tsofaffin waƙoƙinsu suka kwanta a ɗakunan ibada da gidajen malamai, har U. V. Swaminatha Iyer, wanda ya rasu a 1942, ya ƙarar da rayuwarsa yana bin gari gari yana tattaro su yana bugawa. Mai tunanin takardun ajamin da gara ke ci a zaurukanmu ya san darajar wannan aiki.

Kunnen Bahaushe ya riga ya yi rabin aikin

Ga abin da ya sa nake ganin Bahaushe ya fi Bafaranshe ko Bature saurin kama Tamil. Wasulan nan 12, biyar gajeru ne, biyar dogayen takwarorinsu, sai ai da au. Wannan shi ne tsarin wasulan Hausa daidai wa daida. Mu da muke rarrabe gari na mutane da gari na tuwo ta jan wasali, muke rarrabe baba da babba ta nauyin baƙi, ba sai an yi mana dogon bayani ba. Duba kalmomin nan uku da baƙaƙensu ɗaya ne: படம் padam hoto ne ko fim, பாடம் paadam darasi, பட்டம் pattam kuma laƙabi ko digirin jami'a. Kal dutse, kaal ƙafa. Rubutunmu na boko ba ya nuna tsawon wasali, shi ya sa baƙo ke wahala da Hausa. Na Tamil yana nunawa kowane lokaci. Sannan babu karin sauti, babu hawa da saukar murya da ke sauya ma'ana kamar a Hausa da Kotokolanci da Moba da Ewe. Wannan kaya guda ne aka sauke wa mai koyo.

Kayan da aka ɗora masa a maimako shi ne wurin ajiye harshe a baki. Tamil na da l iri uku, r iri biyu, n iri uku ban da irin ng da ny. ல shi ne l ɗin da muka sani. ள sai an naɗe kan harshe baya ya taɓa ganɗa. ழ kuwa, wanda ake rubutawa zh da boko ko da yake babu z a cikinsa, naɗe harshe ake yi kamar za a furta r na ruwa, amma ba a bari ya bugi ganɗa, iska ta wuce ta kansa. Shi ne harafin ƙarshe na sunan harshen kansa, தமிழ், kuma suna alfahari da shi yadda Larabawa ke yi da ladi. Bambancin ba na ƙawa ba ne. வலி vali ciwo, வழி vazhi hanya, வளி vaḷi iska. Puli damisa, puḷi tsamiya. Palli ƙadangare, paḷḷi makaranta. Malai dutse mai tsawo, mazhai ruwan sama, maalai yamma. A nan ma muna da ɗan jari, tun da Hausa na da ra-gare da ra-kaɗe, abin da ke raba bara na roƙo da bara mai yi wa ubangida hidima. Harshen da ya saba naɗewa a rana da ruwa ba zai sha wuya ba. Kuma kada a matsa wa kai kan ழ, Tamilawa da yawa ma a maganar yau da kullum ள suke furtawa a gurbinsa.

Akwai wani abu da zai ba mai karatu mamaki. Rubutun Tamil bai ware k da g ba, bai ware p da b, ko t da d ba. Harafi ɗaya ne, mazauninsa ke faɗa maka yadda za ka furta shi. A farkon kalma ko in ya ninku, mai tauri ne. Tsakanin wasula biyu ko bayan sautin hanci, sai ya yi laushi. Shi ya sa க na tsakiyar பகலா ya fita ga, ba ka ba. In ka rubuta Sokode da க guda, Batamile zai karanta Sogode, sai ka ninka shi, சொக்கொடே. Haka p na Dapaong, in ba a ninka ba, b za a ji. Wannan doka ɗaya in ta zauna, rabin rikicin karatu ya ƙare.

Saboda duk wannan ne nake ba da shawara da babbar murya: kada a koyi Tamil da haruffan boko. Littattafan matafiya da saƙonnin waya suna rubuta vali da vaḷi iri ɗaya, padam da paadam iri ɗaya, kowa da irin tasa ƙa'idar. Wanda ya fara da su yana gina kuskure ne da zai yi shekaru yana rushewa. Mako biyu ko uku na zama da haruffan asali sun fi masa.

Kalmomi da inda suke kai mutum

Sunayen dangi su ne wurin da Bahaushe zai ji kamar yana gida. Faransanci na da kalma ɗaya ga ɗan'uwa namiji, ɗaya ga mace. Tamil na da huɗu kamar mu: annan wa, akka ya, thambi ƙane, thangai ƙanwa. Ba sa haɗa kawu da baffa. Ɗan'uwan uwa shi ne maamaa, a kula, ba mahaifiya ake nufi ba. 'Yar'uwar uba, gwaggo, ita ce atthai. Wan uba periyappa ne, babban uba, ƙanensa chitthappa, ƙaramin uba, 'ya'yansu kuma 'yan'uwanka ne kamar na ciki ɗaya. 'Ya'yan kawu da na gwaggo su ne abokan wasa, kuma a al'adarsu a nan auren zumunci yake. Kamar a kasuwar Dapaong, a kasuwar Madurai ma ba a kiran baƙo da kai. Annaa ake ce wa namiji, akka ko ammaa ga mace, thambi ga yaro. Babba ba a ce masa nii, kai, sai niinga, ku. Ba a ce masa vaa, zo, sai vaanga, ku zo. Mai sallama ba ya cewa na tafi, pooyittu vareen yake cewa, in je in dawo. Abokin arziki kuma in ya gan ka da rana, gaisuwarsa ita ce saappittiingalaa, kun ci abinci?

Wata dabara mai daɗi ita ce ta haruffa uku. I na kusa ne, a na nesa, e na tambaya. Idhu wannan, adhu wancan, edhu wanne. Ingee nan, angee can, engee ina. Ippoo yanzu, appoo a lokacin, eppoo yaushe. Ka haddace ɗaya ka sami uku.

Ginin jimla ne ya saɓa da namu. Aikatau a ƙarshe yake zuwa, kamar a Barbarci, kuma abin da muke sawa gaban suna su bayansa suke liƙawa. Viidu gida, viittil a gida, viittukku zuwa gida, viittilirundhu daga gida. Ina zuwa gida sai ya zama naan viittukku poogireen, ni gida-zuwa ina tafiya. Suna ba shi da namiji da mace in ba na mutum ba ne. Sun raba halitta gida biyu, masu hankali da marasa hankali, rabon da ɗalibin nahawun Larabci ya sani sarai, don haka babu haddace jinsin tebur da kujera. Mu kuwa iri biyu ce: naam in har da wanda ake yi wa magana, naangal in ban da shi. Hausa ba ta da wannan, amma Bafulatani zai gane shi nan take, shi ne enen da minen.

Mai neman ma'ana a ƙamus ya san abu biyu. Jerin haruffan ba na abacada ba ne, wasula ke fara zuwa sannan baƙaƙe bisa nasu tsarin. Kuma sai an tuɓe wa kalma ɗafe-ɗafenta. Ba za ka sami poogireen ba sai ka nemi poo, tafi. Ba za ka sami vandheen, na zo, ba sai ka nemi vaa. Dogayen kalmomin da ke ba da tsoro a allunan titi yawancinsu harɗaɗɗu ne irin jirgin sama da gidan waya. Tun ƙungiyar tsarkake harshe da Maraimalai Adigal ya jagoranta daga 1916, Tamilawa sun fi son ƙera kalma da kayan gida. Rediyo vaanoli, sautin sama. Tarho tholaipeesi, mai magana da nesa. Asibiti marutthuvamanai, gidan magani, ko da yake mutumin titi aaspatthiri yake cewa, daga kalmar Turancin da mu ma muka samo asibiti. Sunan Puducherry, birnin da Faransa ta riƙe har 1954, fassararsa Sabon Gari.

Wasu kalmomin sun yi tafiya har sun iso tukunyarmu. Mangwaro asalinsa daga kudancin Indiya ne, maangaay a Tamil, 'yan Fotugal suka ɗauko sunan suka yaɗa. Korin da ake zubawa a dafa-duka daga kari ya fito. Fotugal ɗin nan kuma sun bar kalmarsu ta mabuɗi a gaɓa biyu: saavi a Tamil, safui a bakin Ewe na kudancin Togo. Lauya a Tamil vakkiil ne, daga Larabcin da ya ba mu wakili. Waɗannan aro ne da tarihi ya san hanyarsa. Kama ta sauti kawai ba hujja ba ce, in ba haka ba da amma tamu ta zama uwa. Shugaban Senegal na farko, Léopold Sédar Senghor, ya ƙarfafa bincike a Dakar a shekarun 1970 kan ko harsunan Dirabidiya dangin Wolof da Fulatanci ne, amma yawancin masana harshe ba su gamsu da hujjojin ba.

Su ma suna da ajami

Wannan ne ɓangaren da na fi so mutanenmu su sani. Musulmi kusan kashi 6 cikin 100 ne na mutanen Tamil Nadu, kuma garuruwan gaɓar teku irin Kayalpattinam da Kilakarai da Nagore sun daɗe da Musulunci ta hanyar fataken Larabawa. Ibn Battuta ya shiga Madurai a shekarun 1340, kafin tafiyarsa ta Mali da Takedda. Waɗannan Musulmi, da 'yan'uwansu na Siri Lanka, sun rubuta Tamil da baƙaƙen Larabci, suna ƙara ɗigo da alamu don sautukan da Larabci ba shi da su, yadda malamanmu suka yi wa tsa da ɓa. Sunan rubutun Arwi. Da shi suka rubuta fiƙihu da wa'azi da wasiƙu, da shi mata suka yi karatu a cikin gida. Zuwan injin ɗab'i da makarantun zamani ya sa ya ja baya ƙwarai a ƙarni na 20, labarin da ba baƙo ba ne a wurinmu.

A ƙarni na 17 wani mawaƙinsu, Umaru Pulavar, ya tsara tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a waƙe mai baiti sama da 5,000, sunanta Siiraappuraanam, kuma har waɗanda ba Musulmi ba suna lissafa ta cikin manyan ayyukan adabin Tamil. Abin lura shi ne yadda suka ɗauki kalmomin gida suka yi addini da su. Mu mun aro salla da azumi da masallaci. Su salla thozhugai suke ce mata, azumi noonbu, idi perunaal, babbar rana, masallaci kuma paḷḷivaasal, daga paḷḷi ɗin nan ta makaranta da vaasal, ƙofa. Baƙon da ke neman wurin salla a Chennai wannan kalma zai riƙe, ya kuma naɗe harshe a kan ḷ don kada ya tambayi ƙofar ƙadangare.

Na littafi da na kasuwa

Gargaɗi guda ya rage. Tamil na rubutu daban, na baki daban, kusan tazarar da ke tsakanin Larabcin littafi da na kasuwar Alƙahira. Jarida da labaran rediyo da huɗuba da jawabin ɗan siyasa na littafi ne. Fim da gida da tasha na baki ne. Poogireen ya zama pooreen. Thanniir, ruwa, ya zama thanni. Veendum, ina so, ya zama veenum. Evvalavu, nawa, ya zama evlo. Ɗaya zuwa biyar a littafi ondru, irandu, muundru, naangu, aindhu. A bakin mai shago onnu, rendu, muunu, naalu, anju. A kuɗi a kula da thonnuuru, akwai nuuru, ɗari, a cikinta amma 90 ce, kamar mu ce ɗari ba goma. Lissafin asibiti kuma da latcham ake yi, 100,000, da koodi, miliyan 10. Mai niyyar karatu a jami'a ko karanta adabi yana buƙatar duka biyun. Mai jinya da ɗan kasuwa su karanta haruffa don alluna da takardu, amma bakinsu ya bi na kasuwa.

Kayan koyo ba su yi wuya ba. Ana iya sa madannin Tamil a kowace wayar zamani kyauta. Gwamnatin jihar Tamil Nadu tana da makarantar intanet, Tamil Virtual Academy, da aka kafa a 2001, mai darussa daga matakin farko. Babban ƙamus na Jami'ar Madras yana intanet, akwai kuma ƙamus na Cre-A na harshen yau, da ya fara fitowa a 1992. Ɗalibin Togo da Faransanci ne harshen karatunsa bai rasa ba, domin daɗewar Faransa a Puducherry ta bar ƙamusai da littattafan nahawu, kuma ana koyar da Tamil a makarantar INALCO a Paris. Wanda ya isa Tamil Nadu kuwa zai tarar da allon karatu a motar haya, don motocin gwamnati suna ɗauke da baitocin Tirukkural, littafin hikima na Tiruvalluvar mai baiti 1,330 a babi 133, kowane baiti layi biyu.

A fara da ட da ப da ம, su suka fi sauƙin zane, kuma da su kaɗai an rubuta படம். A ƙara baƙi biyu kullum, a rubuta da hannu a faɗa da baki. In an kalli fassarar fim ɗin Tamil, a nemi na asalin a sake kallo, tun da an riga an san labarin, kunne sai ya koma kan kalmomi. Wanda kuma tafiyar jinya ta taso masa babu lokacin duk wannan, ya rubuta vanakkam da nandri, na gode, da vali da thanni da evlo da paḷḷivaasal engee a 'yar takarda, ya sa ta cikin fasfonsa tun kafin ya bar gida.